Wata Uku Ina Kiwon Darɓa a Katsina

Ranar da na ce wa Kawu darɓa na zo nema, ɗan ƙaramin ƙwaron nan da ke tsotsar ruwan ganye, sai da ya jingine fartanya ya dube ni daga sama har ƙasa. Tsakiyar Janairu ne, muna tsaye a lambunsa da ke ƙasan madatsar ruwa ta Ajiwa, hazo ya sauko har ba a hango ƙarshen fadama. Waken rani ya shuka a fangali shida, kuma duk tohon da ka duba ya yi baƙi ƙirin kamar an watsa masa garin gawayi. Ganyen ƙasa na ƙyalli saboda danƙo, kiyashi na hawa suna sauka.

"Mi za ka yi da ita?" in ji shi. "Mutane na biɗar maganinta, kai kana biɗar irinta?"

Na ce, "Kiwonta zan yi, Kawu."

Bai yi dariya ba. Kawu ba ya wasa da maganar darɓa. Yana saurayi aka yi annobar kuturun gyaɗa ta 1975, wadda ta cinye kimanin hekta dubu 700 na gyaɗa a Arewa, kuma wannan baƙar darɓar ta wake, wadda masana ke kira Aphis craccivora, ita ce ke ɗaukar cutar daga tsiro zuwa tsiro. Ya sha ba mu labarin yadda kakanmu ya tsaya a bakin gona a shekarar, ya kasa cewa komai. Don haka ya ce in ɗebi son raina, in da hali ma in kwashe duka.

Aikin digirina na biyu ne ya kai ni wurinsa. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a cikin birni, ina kuma karatu a gefe. Malamar da ke duba aikina ita ta kawo batun. Wata rana ta tambaye ni me darɓa ke ci, na ce ruwan ganye. Ta ce me ke cikin ruwan, na ce sukari. Sai ta ce, "To kai in an ɗora ka a kan ruwan sukari tun daga yaye, za ka yi tsoka?"

Furotin ɗin da ke gina jiki da wasu tubala ashirin ake harhaɗa shi, ana ce musu amino asid. Kusan rabinsu babu dabbar da ke iya ƙera su da kanta, dole sai a abinci. Mu muna samu a wake da nama da nono. Ruwan da ke bin jijiyar tsiro kuwa zaƙi ya yi masa yawa, waɗannan tubalan na dole kuma kaɗan ne ƙwarai a cikinsa. Shi ya sa darɓa ke sha ba ƙaƙƙautawa tana zubar da rarar sukarin ta baya, wato danƙon nan da kiyashi ke bi. Amma ga shi a kan wannan abinci maras ƙarfi take balaga cikin mako guda, ta shiga haihuwa kullum. Abin da ke cike mata giɓin wata bakteriya ce da ke zaune a cikin jikinta, Buchnera aphidicola. A 1991 aka raɗa mata wannan suna don tunawa da Paul Buchner, Bajamushen da ya ƙarar da rayuwarsa yana feɗe ƙwari yana zana abin da ya gani a cikinsu.

Mu da Hausa ƙwayoyin cuta muke ce wa bakteriya, kuma sunan nan ya daɗe yana ba ni wahala a aji. Yaro na jin kalmar cuta ya gama yanke hukunci. Wannan ba cuta take kawowa ba, ciyarwa take yi. A littafina na aiki 'yar haya na riƙa rubuta ta, daga baya na gane wannan sunan ma bai dace ba.

Aikin da aka ba ni a faɗe mai sauƙi ne: in raba darɓa da bakteriyarta, in ga yadda za ta kasance.

Farkon abin da na koya shi ne ba a tsinke darɓa kamar kaska. Bakinta wata siririyar allura ce da ta fi gashi siranta, tana can cikin jijiyar tsiro. In ka fizge ta allurar ta tsinke, ka kashe ta ke nan ko da ka ga tana tafiya. Sai ka samu ƙaramin burushin zane, ka jiƙa bakinsa, ka riƙa taɓa bayanta a hankali. Za ta ɗaga ƙafafun baya ta yi harbi, ta yi lilo, can sai ta zare bakin ta fara takawa. A lokacin ne za ka ɗauke ta a kan tsinin burushin. Guda ɗaya takan ci minti biyu ko uku. Ranar farko na gaji, na yanko tohon gaba ɗaya na zuba a kwalba.

Wake kuma na shuka shi a ledar fiya wata, na cika da yashi da ɗan taki. Iri na karɓo wurin Inna, wanda ta toshe a jarka tun kaka, domin na kasuwa ba ka da tabbacin ba a barbaɗa masa magani ba. Duk Asabar sai in shuka sabo, don kada a rasa ɗanyen toho.

Sai na yi kuskuren da ya ci mini mako biyu. Ana buƙatar keji don kada ƙwarin su watse, wasu kuma su shigo. Na sa kafinta ya haɗa mini akwatuna huɗu na katako, na yanka wani tsohon gidan sauro da ke ajiye a gida na lulluɓe su. Washegari da safe na tarar da darɓar a zube kan yashi, wasu na mimmiƙe ƙafa, mafi yawa sun mutu. Gidan sauron irin mai magani ne. An sha wanke shi, na ɗauka ƙarfinsa ya ƙare, ashe da saura. Raina ya ɓaci ƙwarai, don abu ne da nake koya wa yara da bakina. Na je babbar kasuwa wurin masu sayar da kayan ɗinki, na sayo farin yadin raga irin wanda ake sa wa rigunan amare, na wanke katakon da sabulu na shanya kwana uku, na sake komawa Ajiwa.

A karo na biyu Malama ta ce kada in zuba taro. In zaɓi uwa guda ɗaya tak, in ɗora ta a kan tsiro, duk abin da zan yi aiki da shi ya fito daga tsatsonta. A ƙasashe masu zafi irin namu darɓar nan ba ta buƙatar namiji. Mace ce ke haifar mace, ba ƙwai take yi ba, kuma kowace 'ya kwafin uwarta ce. Ke nan in na ga bambanci tsakanin rukuni biyu, ba zan ce gado ne ya kawo shi ba.

Na ga haihuwar da idona ta madubin hannu. Uwar ba ta ko zare baki daga ganye ba. Ta ɗaga bayanta sama, 'yar ta fara fitowa ta ƙafa, wata 'yar mitsitsiya mai ruwan ƙasa-ƙasa. Ta tsaya a rataye tana buɗe ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, tana wutsil-wutsil a iska, uwar na riƙe da kanta har sai da ƙafafun suka yi ƙwari, sannan ta sauke ta. Ba a jima ba 'yar ta matsa gefe ta kafa nata bakin. Cikin kwana goma sha biyu tsiro uku sun cika da zuriyar uwa ɗaya. Manyan baƙaƙe ne masu sheƙi kamar an shafa musu mai, ƙananan kuma toka-toka.

Kiyashi sun gano wurin tun a kwana na uku, sai da na tsoma ƙafafun teburin a gwangwanayen ruwa. Wani abokin gabar kuma ban gan shi ba sai da ya gama aiki. A keji ɗaya ragar ta ɗan ɓare a kusurwa. Wata safiya na ga wasu darɓa sun kumbura, sun koma ruwan ƙasa, sun bushe a manne da ganye kamar ƙwayar gero. Wani ɗan ƙaramin zanzaro ne, bai kai girman sauro ba, yake soka ƙwai guda a cikin darɓa, tsutsarsa ta cinye ta daga ciki, ta mayar da fatar ɗaki. In ta gama rikiɗa ta zama zanzaro sai ta yanka 'yar ƙofa zagayayya ta fice. Na kai wa Malama ganyen ina jin haushi, ita kuwa murna ta yi, ta ce in zauna. Ta ce ban da Buchnera da kusan kowace darɓa ke da ita dole, akwai wasu bakteriya da wata ke da su wata ba ta da su. Ɗaya daga ciki, Hamiltonella defensa, ita ce ke kashe tsutsar zanzaron tun tana ƙarama. A 2003 aka nuna haka a Jami'ar Arizona ta Amurka, daga baya kuma aka gano gubar ma ba ta bakteriyar ba ce ita kaɗai, wani bairos ne da ke cikinta ke ɗauke da umarnin haɗa ta. Inda zanzaro ya yi yawa, masu ɗauke da ita suna ƙaruwa. Inda babu shi sai su ragu, domin riƙe ta ma yana da tsada ga jikin darɓar. Na ƙone tsirran wannan kejin, na ɗinke ragar.

A tsakiyar Fabrairu muka zo kan ainihin aikin. Maganin da aka yi amfani da shi rifamfisin ne, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka. Ba a kemis na saya ba. Dattijon da ke kula da ɗakin gwaje-gwajenmu ne ya auna mini ɗan kaɗan a ma'auni, ya sa na sa hannu a littafi. Da aka narkar da shi ruwan ya yi ja-ja kamar an ɗiga manja. Na yanko tohon wake da reza, na tsoma gindin kowanne a 'yar kwalba, na toshe bakin da auduga. Rabin kwalaben ruwan magani, rabi ruwa zalla. Duka na naɗe su da baƙar takarda, don haske na lalata maganin. Toho zai sha ruwan, darɓa ta sha daga toho. Na ɗora iyaye a kan kowane rukuni na bar su kwana biyu, sannan na mayar da su kan lafiyayyun tsirrai. 'Ya'yan da suka haifa bayan nan su ne abin lura. Kowace na ba ta ganyenta da lambarta.

Daga nan rayuwata ta koma ƙirga. Ina idar da sallar asuba zan hau babur, sanyi na yanka kunne, in isa kafin bakwai in duba kowace lamba: tana raye, ta yi saɓa, ta haihu, nawa ta haifa. Darɓa sau huɗu take saɓa kafin ta balaga, tana barin farar riga a kan ganye, da wannan nake gane inda kowace ta kai. Sai in wuce makaranta in shiga aji.

Iyayen da suka sha maganin ba su nuna komai ba, suna ci suna haihuwa. 'Ya'yan ma kwana biyun farko ba ka bambance su. Har na fara zargin maganin bai hau tohon ba. A kwana na huɗu na ga kamar na ɓangaren ruwa zalla sun fi cika ido. A kwana na bakwai babu sauran kokwanto. Waɗancan sun yi baƙi sun yi sheƙi, wasu har sun fara jera 'ya'ya a bayansu. Waɗannan kuwa suna nan toka-toka, 'yan firit, kamar shekaranjiya aka haife su. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba su daina ci ba. Bakinsu na cikin jijiya, danƙo na fita, abinci ga shi har ya yi yawa, amma jiki ya ƙi ginuwa. Yunwa ce a tsakiyar abinci. Wasu sun mutu a hanya. Waɗanda suka lallaɓa suka balaga sun makara da kwanaki, sun tsaya ƙanana, kuma mafi yawansu ba su haifi ko ɗaya ba. 'Yan kaɗan da suka haihu, gawa suka sauke, ko 'yar da ba ta kwana biyu ba.

Na kai wa Malama littafin ina ɗoki. Ta duba, ta ce, "Wa ya gaya maka ba maganin ne ya yi musu guba ba?" Na ce ai su ba su sha ba, iyayensu ne suka sha, kuma iyayen lafiya lau. Ta ce wannan rabin amsa ce. Ragowar ta tura ni in karanto a aikin Angela Douglas da abokan aikinta a Ingila, waɗanda suka riƙa ciyar da darɓa da abincin da suka haɗa da hannunsu, suna cire amino asid ɗaya bayan ɗaya. Mai bakteriya takan ci gaba da girma ko an cire mata na dolen, wadda aka raba da tata kuwa sai ta tsaya. Sannan ta ce in je in buɗe cikinsu in gani, kada in tsaya a kan labari.

Ranar fiɗar ita ce ranar da ba zan manta ba. Dattijon nan ya kafa mini allurai biyu sirara a kan tsinken sakace. Aka ɗiga ruwan gishiri a gilashi, na ɗora babbar darɓa lafiyayya, na leƙa ta madubin maikiroskof. Hannuna na rawa, na lalata guda biyar kafin ya ce, "Malam, kada ka yanka. Danne kai da ɗaya, ka ja wutsiya da ɗaya, ita za ta buɗe da kanta." Haka kuwa aka yi. Cikin ya zubo a ruwa, sai ga 'ya'ya a jere kamar carbi, daga ƙanana da ba su da siffa har manya masu jajayen ɗigon idanu biyu. Manyan nan, tun suna cikin uwa, nasu 'ya'yan sun fara haɗuwa a cikinsu. Kaka da uwa da jika a ɗigon ruwa ɗaya.

A tsakaninsu akwai wasu dunƙule-dunƙule, manya, zagayayyu, suna gangarawa in ka taɓa su. Su ne ɗakunan da jikin darɓa ya keɓe wa baƙuwarsa, guda sittin zuwa tamanin ake samu a babba. Muka ɗauki ɗaya, muka danne da siririn gilashi, muka ƙara ƙarfin madubi. Ya fashe, sai ga ƙwayoyi zagayayyu sun watsu, iri ɗaya, ba su ƙirguwa, kamar an kifar da kwanon gero a tsakar gida. Darɓa guda tana ɗauke da miliyoyinsu. Na daɗe ban ɗago ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne subhanallah. Da muka buɗe na ɓangaren magani, ɗakunan sun motse, wasu kamar buhun da aka zazzage, kuma jerin 'ya'yan nan babu shi sai ɗan abin da ba a rasa ba.

A nan na daina ce mata 'yar haya. Ɗan haya yana iya kwashe kayansa ya tashi. Wannan ba ta da wurin zuwa. Tun 'ya tana ɗan ƙullutu a cikin uwa ake zuba mata rabonta daga ɗakin uwar, haka abin ke tafiya daga uwa zuwa 'ya ba yankewa. A 1993 Nancy Moran da Paul Baumann da abokansu suka jera asalin dangogin darɓa a gefe, na bakteriyarsu a gefe, suka ga rassan sun dace da juna: duk inda dangin darɓa ya rabu biyu, bakteriyar ma ta rabu. Daga nan aka ƙiyasta zaman ya kai shekara miliyan 200 ko kusa da haka. Tsawon zama a ɗaki ya sa ta zubar da kayan da ba ta amfani da su. Da masana a Japan suka karanta kundin gadonta, wato umarnin halittarta, a 2000, haruffa kimanin dubu 640 suka samu, alhali 'yar uwarta E. coli da ke hanjinmu tana da miliyan 4.6. Ta rasa yawancin abin da bakteriya ke buƙata don rayuwa a waje, har yau ba a iya rayar da ita ita kaɗai a farantin gwaji. Amma umarnin ƙera amino asid ɗin da darɓa ke nema ta riƙe shi gam, wasu ma ta ninka su. Akwai waɗanda ita ke fara haɗawa, jikin darɓar ya ƙarasa matakin ƙarshe. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ya yi nisa har an kai inda ba a iya cewa ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Bayan nan sai na riƙa ganin abin a ko'ina. Kusan duk ƙwaron da ya dogara da abinci iri ɗaya maras cika, in ka bincika akwai mai cike masa. Jini ba shi da isasshen bitamin B, shi ya sa kwarkwata da kuɗin cizo kowanne ke da tasa bakteriyar. Ƙudan tsando da ke sa wa shanu sammore yana da Wigglesworthia. Macen ba ta zuba ƙwai, tsutsa ɗaya take reno a cikinta tana shayar da ita wani irin nono, ta cikin nonon bakteriyar ke wucewa, kuma in an kashe ta macen ta daina haihuwa. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ɗan ƙwaron nan mai dogon baki da ke huda masara da shinkafa a rumbu. Taurin bayansa, wanda in ka murza shi da yatsa ba ya mutuwa, bakteriya ce ke ba shi kayan gina shi. Masana a birnin Liyon na Faransa sun nuna a 2014 cewa da zarar sulken ya gama ƙwari, cikin mako biyu, sai ƙwaron ya narkar da waɗanda ke hanjinsa ya cinye, ya bar na mahaifa kawai saboda 'ya'ya.

Ba kuma duka ne masu kirki ba. Wata bakteriya mai suna Wolbachia, wadda aka fara gani a jikin sauro a 1924, tana cikin kusan rabin nau'o'in ƙwari. Ta ƙwai kaɗai take wucewa, don haka namiji ba shi da amfani a wurinta. A wasu ƙwarin tana kashe 'ya'ya maza, a wasu tana sa ƙwan macen da ba ta ɗauke da ita ya ƙi ƙyanƙyashewa in ta haɗu da namiji mai ita. Da wannan dabarar take mamaye gari. Mutane suka juya dabarar: aka sa ta a saurayen da ke yaɗa zazzaɓin dengi, aka fara sakinsu a arewacin Ostareliya a 2011, kuma gwajin da aka yi a birnin Yogyakarta na Indonesiya ya nuna cutar ta ragu da kashi 77 cikin ɗari a unguwannin da aka sake su.

Niyyata ita ce in maimaita gwajin sau uku. Biyu na samu. Ƙarshen Maris hazo ya ɗauke, zafin Katsina ya sauko da ƙarfinsa, ma'aunin da na rataya a bangon ɗakin ya riƙa haura 40 da rana. Aka yi kwanaki babu wuta, fanka ta tsaya. Na jiƙa buhunan algarara na rataya a taga, na riƙa yayyafa ruwa a ƙasa, duk a banza. Abin da na gani a lafiyayyun kejina shi ne abin da na gani a ɓangaren magani: ba su faɗi sun mutu nan take ba, haihuwa ce ta ragu, 'ya'yan suka tsaya ƙanana, taron ya riƙa sirancewa.

Na yi baƙin ciki, amma wannan asarar ta koya mini abin da gwajin bai koya mini ba. Buchnera ba ta jure zafi. Cikin kayan da ta zubar har da yawancin abin da bakteriya ke kare kanta da shi, furotin ɗinta kuma saurin lalacewa gare su. Zafin da darɓa za ta iya ɗauka, ta cikinta ba za ta iya ba. A 2007 aka gano a darɓar wani waken ƙasashen sanyi cewa harafi ɗaya tak da ya ɓace a kundin bakteriyar ya isa ya sa darɓar ta kasa haihuwa bayan 'yan sa'o'i na zafi, amma a wuri mai sanyi masu wannan giɓin su suka fi yaɗuwa. A 2015 Moran ta cire wa darɓa Buchnera mai rauni ta dasa mata mai ƙarfi, juriyarta ga zafi ta ƙaru. Ke nan inda ƙwaro zai iya zama a duniya, da watan da zai yi yawa, wani lokaci ba shi ke yanke wa kansa ba. Kawu ya daɗe yana cewa darɓa 'yar sanyi ce, bazara na kamawa take ja da baya. Shekara hamsin yana kallon abin daga waje.

Shi ya sa na dage sai ya zo ya gani. Ranar wata Laraba ya shigo birni sayen taki, na ɗauko shi a babur. Ya cire takalmi a ƙofar ɗakin gwajin duk da an ce masa ba sai ya cire ba. Na feɗe ɗaya daga cikin 'yan manyan da suka rage, yanzu hannuna ya saba. Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya sunkuya. Da farko ya ce duhu kawai yake gani, dattijon ya gyara masa tsayin madubin. Sai ya yi shiru.

"Waɗanga masu jan ido ɗiyanta ne?"

Na ce su ne.

"Tun ba ta haihe su ba?"

Na ce e, kuma na cikinsu ma sun fara. Na danne ɗakin bakteriya guda ya fashe, na ce ya sake dubawa. Na gaya masa waɗannan su ke ciyar da ita, in babu su ba ta haihuwa.

Ya ɗago ya ce, "To ai ka samo magani. A ba mu jan ruwan nan mu hwesa."

Na ce, "A'a, Kawu, wannan ba za a yi ba." Na bayyana masa cewa maganin masu tarin fuka ne. In aka watsa shi a gona, bakteriyar ƙasa da ta ruwa za su saba da shi, ranar da ɗan wani ya kwanta yana tari a ba shi ya ƙi ci. Na ce masa akwai masu neman hanyar da za a taɓa ta cikin ba tare da an taɓa maganin mutane ba. Na kuma roƙe shi abu ɗaya: in ya ga busassun darɓar nan masu kama da ƙwayar gero sun yi yawa a fangali, ya ɗan dakata da feshi kwana uku ya duba, domin zanzaron da ke ciki aiki yake yi masa, kuma feshi shi yake fara kashewa.

Bai ce ya yarda ba. Ya sake sunkuyawa kan madubin, ya daɗe, har ruwan gishirin ya fara bushewa a gefen gilashi. Da muka fito yana sa takalmi ya tambaye ni yaushe zan sake gwajin na uku. Na ce sai sanyi ya dawo, wajen Disamba. Ya ce zai bar mini fangali ɗaya na can ƙarshe, wanda ke kusa da magudanar ruwa, ba zai sa masa magani ba, amma in zo da wuri kafin ta tsallaka wa sauran.